Darasin Masu Kamun Ƙaguwa Ga Masuntan Jibiya

Bahaushe bai ɗauki ƙaguwa a bakin komi ba. In ya gan ta a bakin gulbi tana tafiyar nan tata ta kaikaice, iyaka ya yi murmushi ya wuce, in kuwa ta shiga komar masunci sai ya yi tsaki ya jefar. Amma duk wanda ya taɓa zama a Ikko, ya zaga kasuwannin kifi na Epe ko Badagiri, ya san can ƙaguwa abinci ce mai daraja, kamunta kuwa sana'a ce wadda ta ke riƙe da gidaje masu yawa. Yau muna so mu ja hankalin masu karatu zuwa ga masu wannan sana'a. Dalili kuwa shi ne, tarkon da su ke ɗanawa a lungunan teku ɗan'uwa ne na gurar da masuntanmu su ke zubawa a madatsar ruwa ta Jibiya, kuma wahalar da tarkon nan ya jawo musu tana nan tafe gare mu in ba mu yi hattara ba. Hausawa sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa.

Bari mu fara da bayyana yadda a ke kamun. Ƙaguwa ba ta son tsakiyar teku kamar yadda ta ke son mashigai da lunguna marasa zurfi, inda ruwan kogi ya ke haɗuwa da ruwan gishiri. Saboda haka mai kamunta ba ya bukatar babban jirgi, ɗan kwalekwale ya ishe shi. A ruwan Ikko akan yi amfani da zoben ƙarfe da aka ɗaura wa raga, ko kuwa kwandon waya. A Amurka kuwa akwatin waya a ke yi, kowane gefe kamar ƙafa 2, a yi masa ƙofofi masu faɗin baki daga waje, masu tsukewa daga ciki, a sa koto na mataccen kifi a tsakiya, a ɗaura masa igiya da abin da zai yi yawo bisa ruwa don a gane wurin, sa'an nan a nutsar. Ƙaguwa ta ji wari ta shiga, fita ta gagara. Kashegari mai tarko ya zo ya jawo, ya juye, ya sake koto, ya mayar.

Wannan dabara tana da kirki guda wanda taru ba shi da shi, watau abin da ya shiga tarko da ransa a ke samunsa, mai shi ya zaɓi wanda ya isa ya mayar da wanda bai isa ba. Masuntan ƙasar Tunisiya sun ga amfanin haka. A shekarar 2014 wata irin shuɗiyar ƙaguwa ta bayyana a ruwansu, ba da daɗewa ba sai ta cika mashigin Gabis, tana yayyaga musu taru tana cinye kifin da ya kamu, har su ka laƙaba mata sunan 'yan ta'adda. Da su ka koma ga tarko, abin da ya ke annoba sai ya zama haja, ana sayar da ita ƙasashen waje. Ashe tarko ba abin ƙi ba ne.

To, amma yana da aibi guda biyu, kuma dukansu munana ne. Na farko, tarko bai san babba ba, bai san ƙarami ba, bai san mace mai ƙwai ba. Na biyu, tarko ba ya mutuwa don mai shi ya rabu da shi. In igiya ta tsinke, ko iska ta ja shi, sai ya zauna a ƙarƙashin ruwa yana ta kamu. Wadda ta shiga ta mutu ta zama koto, warinta ya jawo wata, ita ma ta mutu, haka nan har waya ta ruɓe. Babu mai ci, babu mai sayarwa, ɓarna ce tsagwaronta.

A mashigin Cesafik na Amurka, wanda jihohin Bajiniya da Merilan su ka sa tsakiya, ƙaguwa ta yi ta raguwa har a shekarar 2008 Gwamnatin ƙasar ta bayyana cewa sana'ar ta shiga halin masifa. Abin da su ka yi ya isa a yi nazari. Jihohin biyu su ka haɗa baki su ka rage kamun mata da kashi ɗaya cikin uku. Bajiniya ta hana haƙo ƙaguwa daga cikin laka da hunturu, gama yawancin waɗanda a ke haƙowa a lokacin mata ne masu jiran haihuwa. Sa'an nan aka ɗauki masuntan nan da aka hana aiki aka biya su lada su riƙa tsamo ɓatattun tarkuna. Daga 2008 zuwa 2014 sun tsamo fiye da 34,000. Masanan cibiyar binciken teku ta Bajiniya sun buga lissafi a 2016 cewa wannan shara ta ƙara yawan kamu da kashi 27 cikin 100, abin da kuɗinsa ya haura dala miliyan 21. Ban da wannan, doka ta tilasta a sa wa kowane tarko ɗan zobe a jikinsa wanda ƙaramar ƙaguwa za ta bi ta fita, a rubuta lambar mai shi a jikin alamar da ta ke bisa ruwa, kuma kada a riƙe namijin da faɗin bayansa bai kai inci 5 ba. A jihar Teksas kuwa, tun 2002, kowane watan Fabrairu akan rufe kamu da tarko kwana 10, duk tarkon da aka tarar a ruwa cikin kwanakin nan shara ne, kowa yana iya fitar da shi.

Mai karatu ya lura, duk cikin matakan nan ba a hana tarko ba, ba a kori talaka daga ruwa ba. Gyara tarkon aka yi, aka ba shi ƙofar fita, aka ba shi suna, aka ba shi lokacin hutu. Wannan shi ne darasin da mu ke so mu kawo gida.

Yanzu sai mu juyo Jibiya. Kogin Gada ba ya gudu sai 'yan watannin damina. Daga Jibiya ya ke tsallaka iyaka ya shiga Jamhuriyar Nijar, inda a ke kiransa Gulbin Maraɗi, ya ratsa ƙasar Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya sake komowa Nijeriya ya shiga cikin ruwan Rima. A kansa aka gina madatsar Jibiya, aka gama a 1989, tsawonta mita 3,660, tana iya riƙe ruwa wajen kubik mita miliyan 142, tana kuwa hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Don noman rani da ruwan sha aka gina ta, amma inda ruwa ya kwanta shekara duka kifi ba ya rasa zama, inda kifi ya zauna kuwa masunci ba ya nisa. Ta haka garin da aka sani da fatauci da kasuwar Lahadi ya sami wata sana'a ta su, ana kama tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, ana sayarwa ɗanye, ana soyawa, ana yin banda. Can ƙetare kuma ga tafkin Madarumfa, wanda masuntansa su ka gaji su tun kaka da kakanni.

Cikin kayan su da su ka bazu a madatsun Arewa, daga Kainji har Tafkin Cadi, babu kamar gura, wadda a ke danganta zuwanta ga masuntan ƙasar Mali. Ana lanƙwasa tsumagun gumbi ko wani itace mai laushi a yi mata ƙashi, a lulluɓe da ragar roba, a yi mata ƙofofi a ƙasa masu shiga ba fita, a zuba dusa a ciki, a ajiye a ruwa mara zurfi. Tana da araha, ba ta bukatar injin, yaro ma yana iya duba ta, mutum ya je gona da safe ya zagaya gurarsa da yamma. Don haka ta zama dukiyar talaka, kuma ba ma goyon bayan duk wanda zai ce a haramta ta.

Sai dai duk aibin nan biyu na tarkon ƙaguwa yana jikin gura. Ragar da a ke lulluɓe ta da ita sau da yawa idonta bai wuce inci 1 ba, har akwai masu yanka gidan sauro, wanda aka raba don kare yara daga zazzaɓi, su yi su da shi. Ruwa mara zurfi da a ke ajiye ta kuwa nan ne renon 'ya'yan kifi. Tarwaɗa da farkon damina ta ke fita cikin ciyawar da ruwa ya shafe ta zuba ƙwai. Karfasa kuwa uwar a cikin bakinta ta ke riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe, kamar yadda ƙaguwa ta ke rungume nata a ƙarƙashin ciki, wanda ya kama ta a wannan hali ya kama ɗaruruwa ya sayar a kuɗin guda. In aka jera gura ɗari bakin mashigi aka yi dumba, aka tare hanya daga wannan gaɓa zuwa waccan, to, babu uwa mai hawa, babu ɗa mai sauka. Wadda kuma ambaliya ta tafi da ita, ƙashinta na itace zai ruɓe, amma ragar roba ba ta ruɓewa da wuri, tana nan tana kisa.

Jama'a, wane manomi ne ya ke surfe irinsa ya yi tuwo, sa'an nan ya zauna jiran kaka? Kifin da bai kai tsawon yatsa ba iri ne. Tiya guda ta irin waɗannan, da an bar su wata shida ko shekara, da sun cika kwanduna. Ƙasar nan kuwa ba ta da rarar kifin da za ta yi wasa da shi, gama lissafin da ma'aikatar gona ta tarayya ta sha bayarwa a wajen shekarar 2021 shi ne ana bukatar tan miliyan 3.6 a shekara, abin da a ke samu a gida bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan ba, ana cike wani sashe na giɓin da ƙanƙararren kifi daga ƙasashen waje.

Doka kuwa ba rasa ta aka yi ba. Dokar su a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, watau inci 3, sai a wasu 'yan wurare da ta keɓe, ta kuma hana zuba guba da fasa nakiya da sa lantarki a ruwa. Amma doka a takarda ba ta tsinka raga. Ma'aikacin gidan kifi guda bisa babur ba zai iya zagaye bakin madatsa ba, balle a ƙasar da 'yan bindiga su ka sha addabar ƙauyukanta. Saboda haka shawararmu ba ta dogara ga ɗan sanda ba, ta dogara ga masunta da shugabanninsu, ga ta kuwa kamar haka.

Da farko, kowace gura a yi mata taga a gefe guda da raga mai faɗin ido, yadda ƙaramin kifi zai bi ya fita. Ba sai an sake ta duka ba, tafin hannu biyu na raga ya isa. Ma'aikatan gidan kifi na Jihar Katsina su zauna da masunta a gwada a ruwan Jibiya, a ga faɗin da ya dace da karfasa da tarwaɗa, a tsayar da shi da yardar kowa.

Na biyu, tagar nan a ɗinka ta da zaren auduga ko igiyar rama, kada a ɗinka da roba. In gura ta ɓata, cikin 'yan makonni zaren zai ruɓe, taga ta buɗe, tarko ya daina kisa. Mai gura da ya ke duba kayarsa kullum, sabunta zare ba zai dame shi ba. Auduga da rama kuwa ba baƙi ba ne a ƙasar Katsina.

Na uku, kowace gura ta ɗauki alamar mai ita, Sarkin Ruwa ya riƙe littafi na yawan da kowa ya zuba. Wannan zai rage sata da husuma, zai kuma sa a san ko ruwan ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Da bazara, sa'ad da ruwa ya ja baya, a keɓe mako guda kowa ya kwashe kayarsa, matasa su shiga su share abin da ya rage, a ƙone.

Na huɗu, a hana dumba a bakin mashigai, a kuma keɓe wuraren haihuwa a ɗaga musu ƙafa cikin tsakiyar damina. Masunci a nan manomi ne, lokacin nan ma gona tana kiransa, saboda haka hutun ba zai zo masa a mugun lokaci ba.

Na biyar, kasuwa ta taimaka. Muddin mai soya da mai banda suna sayen tsirarun kifi, mai kamawa ba zai bari ba. Sarkin Kasuwa da shugabannin masu sayar da kifi su yanke ma'auni, ko da ɗan itace ne da aka yanka daidai tsawon da aka yarda, wanda bai kai ba kada ya hau faifai.

Mun san abin da wani zai ce. Zai ce, mai ƙoshi ne ya ke maganar baɗi, wanda iyalinsa su ke jiran cefanen yau ba ya sakin kifin da ya shiga hannu. Wannan magana gaskiya ce, ba ma raina ta. Shekarar farko za a ji jiki. Don haka ne mu ke kira ga Gwamnatin Jiha da Ƙaramar Hukumar Jibiya su ɗauki nauyin canjin, su ba da raga mai faɗin ido a karɓi mai ƙanana, su biya matasan da za su yi shara lada kamar yadda aka biya masuntan Bajiniya. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na gina kwalbati 'yan kaɗan ba. A tuna kuma abin da ya faru a Kainji, inda aikin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus cikin shekarun 1990 ya kai ga hana babban tarun nan na dala mai share ƙananan kifi, aka kuwa bi ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa kafin maganar ta zauna.

Wani kuma zai ce wannan tsarin Turawa ne. Haba! Tun kafin a san Cesafik a ƙasar Hausa, Sarkin Ruwa ya ke rufe gurbi, ba mai jefa koma sai ranar da ya buɗe, a yi shela ƙauyuka su taru a yi su. Me ya sa kifin Matan Fada na Argungu ya ke girma har mutum ya kasa ɗauka shi kaɗai? Domin ana tsare wurin ne, ba a taɓa shi sai lokacin biki. Abin da mu ke nema tsohuwar al'adarmu ce, ragar roba ce ta zo ta tarar da ita ta fi ƙarfinta, sai a ƙara mata ƙarfi.

Saura magana ta uku, wadda ta fi nauyi. Masuncin Jibiya zai ce, in na saki ƙarami ya bi ruwa ya gangara, na Madarumfa ne zai kama. Na Madarumfa kuma zai ce, me zan tsare, alhali mabuɗin ruwan yana hannun Jibiya? Mutanen kwarin Maraɗi sun daɗe suna kukan cewa tun da aka datse Gada gulbinsu bai ƙara malala kamar dā ba, kuma adalci ne a saurare su. Iyakar nan da Ingila da Faransa su ka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba Katsinawa gida biyu, amma ba ta raba ruwa ba. An rufe ta a watan Agusta 2019, ba a buɗe ƙofar Jibiya ba sai Afrilu 2022. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, aka buɗe a Maris 2024. Duk tsawon wannan lokaci motoci sun tsaya a Magama da Ɗan Isa, amma ko sau ɗaya ba a ji an tsayar da tarwaɗa an tambaye ta fasfo ba.

Hanyar zama kuwa tana nan a shimfiɗe. Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar an kafa ta tun 1971, ta girmi ƙungiyar ECOWAS wadda Nijar ta fita daga cikinta a Janairu 2025. A ƙarƙashinta ne ƙasashen biyu su ka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 game da raba ruwan da su ka yi tarayya a kai bisa adalci, kogin Gada da Gulbin Maraɗi kuwa yana cikin waɗanda aka ambata da suna. Muna roƙon a sa maganar kifi cikin wannan zance, a riƙa sanar da na ƙasa lokacin da za a saki ruwa, a kuma daidaita idon raga da watannin hutu a ɓangarorin biyu. Kafin manya su gama shirya teburinsu, babu abin da zai hana sarakunan ruwa na Jibiya da na Madarumfa su haɗu ranar kasuwa, da iznin hakimansu, su yi wannan shawara. Harshensu ɗaya, aurensu ɗaya, in Bajiniya da Merilan sun iya haɗa baki a kan ƙaguwa, ba mu ga abin da zai gagari 'ya'yan Katsina da Maraɗi a kan karfasa ba.

Masu kamun ƙaguwa sai da ruwansu ya kusa ƙarewa kana su ka farga, su ka biya da tsada. Mu an ba mu labari tun da sauran kifi a ruwa. Muna kira ga Sarkin Ruwa da manyan masunta na Jibiya, kada damina mai zuwa ta sauka sai kowace gura da za ta shiga madatsa tana da tagarta, da zarenta na auduga, da alamar mai ita.